Kundin kan sarki na Leuchtturm mai shafi 16: ya dace da yaro ɗan koyo?

Da zarar yaro ya fara yage kan sarki daga tsofaffin ambulan, wasu iyaye sai su saya masa albam ɗin hotuna mai gam a shafi. Ba abin da ke kashe tarin kan sarki da sauri kamar wannan. Gam ɗin yana kama bayan kan sarkin, takardar ta koma ruwan ƙasa, in aka ja kuma ta yage. Abin da ya dace shi ne kundin ajiya mai aljihuna, kuma na kamfanin Leuchtturm na Jamus, wanda ake sayarwa da sunan Lighthouse a wasu ƙasashe, yana cikin waɗanda masu tara kan sarki suka daɗe da yarda da su.

Girmansa kamar takardar A4 ne. Shafukan kwali ne mai kauri, kowanne da layi 9 ko 10 na siririyar takarda shara-shara da ake cusa kan sarki a bayanta, ba liƙi ba gam. Layi ɗaya yana ɗaukar matsakaitan kan sarki shida ko bakwai, wato mai shafi 16 zai ci kusan 1,000. Akwai mai shafi 32 da mai 64, amma ga ɗan shekara bakwai zuwa goma sun yi yawa: nauyi ne a hannu, kuma fankon shafi yana sa yaro ya karaya. Mai baƙin shafi ya fi fito da haƙoran gefen kan sarki, mai fari kuma ya wadatar ga mafari.

Babban alherinsa shi ne yaro zai iya sauya tsari yadda ya ga dama. Yau ya jera ta ƙasa-ƙasa, gobe ya tattara tsuntsaye wuri guda, jiragen ƙasa wuri guda, ba tare da an yi asarar ko ɗaya ba.

Yana da gazawarsa. Ba wurin rubutu, sai an yanka 'yan takardu an rubuta sunan ƙasa an cusa a farkon layi. Ba ya zuwa da hantsaki, kuma dole a nema, irin mai faffaɗan baki marar kaifi. Matsefata mai tsini tana huda takarda, yatsa kuwa yana barin maiƙo. Sannan kundin ba ya son a kwantar da shi. Da damina, sabon kan sarki mai gam a baya yana shan danshi, in littattafai suka danne shi sai ya manne da shafi. A tsayar da shi a kanta, nesa da bango mai laima, a ajiye 'yan ƙullin tsotse danshi irin na kwalin sabon takalmi kusa da shi, a riƙa buɗe shafukan suna shan iska. Da hunturu sabbin kan sarki sukan lanƙwashe. Kada a miƙe su da ƙarfi, gam ɗin zai tsage.

Kafin kan sarkin da aka yi amfani da shi ya shiga kundi, a yanke shi da ratar santimita ɗaya ta ambulan, a jiƙa a ruwa mai ɗumi-ɗumi minti 10 zuwa 15 har ya saki da kansa. Jan ambulan ko kore a jiƙa su daban, don suna zuba. A ɗauraye, a kife a kan farar takarda ya sha iska, sannan a danne cikin littafi mai nauyi ya kwana. Jiƙaƙƙe in ya shiga aljihu, tabon fumfuna ne zai biyo baya. Na zamani masu manne kansu galibi ba sa saki a ruwa, a bar su a kan takardarsu.

Wasiƙa ta yi ƙaranci yanzu, don haka cika kundin sai da dabara: kantar gidan waya, akwatin tsofaffin takardun kakanni, ko ƙunshin gauraye da dillalai ke sayarwa a kan awo. A gaurayen ne yaro zai gano cewa Helvetia na nufin Suwizalan, Nippon Japan, wanda ba sunan ƙasa a jikinsa sai hoton mai sarauta kuma na Birtaniya ne, inda aka fara kan sarki a 1840. Na Najeriya ma suna da nasu wasan: mai sule da tsohon kwabo (peni) na kafin 1973 ne, mai naira da sabon kwabo na bayan nan. Wanda aka rubuta wa Northern Nigeria kuwa ya girmi haɗewar Arewa da Kudu ta 1914, a ware masa layin farko shi kaɗai.