Sharhi Kan Gwajin Scrum Open da Jarrabawar PSM I

Na rubuta jarrabawar PSM I (Professional Scrum Master I), wadda ke gwada sanin Scrum, wato tsarin gudanar da aikin tawaga zango-zango, ta cibiyar Scrum.org bayan na yi shiri da gwajin kyauta da cibiyar ke bayarwa mai suna Scrum Open, kuma a ganina gwajin yana da amfani ƙwarai, sai dai yana iya ruɗin duk wanda ya dogara da shi kaɗai.

Ken Schwaber ne ya kafa cibiyar a 2009, kuma shi da Jeff Sutherland ne suka rubuta ɗan kundin Scrum Guide mai bayyana ƙa'idojin Scrum, wanda bugunsa na 2020 shafi 13 ne kacal, alhali a kansa aka gina jarrabawar. Ana amsa tambayoyi 80 cikin minti 60, ana kuma buƙatar kashi 85 cikin 100 kafin a ci, wato daƙiƙa 45 ke nan ga kowace tambaya, kuma wanda ya kuskure fiye da 12 sai ya sake biyan kuɗi.

Alfanun Scrum Open shi ne yana saba wa mutum da salon tambayoyin, musamman waɗanda ake neman amsa biyu ko uku a cikinsu, sannan yana nuna inda aka kuskure da zarar an kammala. Matsalarsa ita ce tambayoyi 30 ɗin da yake kawowa daga ƙaramin rumbu ake ɗebo su, don haka bayan 'yan maimaici sai mutum ya riƙa gane amsa tun kafin ya gama karanta tambaya. Wannan hadda ce, kuma ba ta isa ba, domin ainihin jarrabawar takan kawo wani yanayi na aiki ta tambayi matakin da ya dace. Sanin cewa taron kullum na masu gina aiki minti 15 ne, ko cewa zangon aiki da ake kira Sprint ba ya wuce wata ɗaya, abu ne mai sauƙi. Abin da ke cin lokaci shi ne a ce wani manaja ya nemi a soke zangon, a tambaye ka mai ikon yin hakan, wanda kuwa Product Owner ne shi kaɗai, wato mai alhakin tsara abin da tawagar za ta fifita.

Na kuma sayi tarin tambayoyin gwaji daga wani mai sayarwa a intanet, ban ji daɗinsa ba, saboda amsoshi da dama sun tsaya a bugun Scrum Guide na 2017. Har yanzu yana cewa masu gina aiki mutum 3 zuwa 9 ne, yana kuma nacewa kan tambayoyi uku na taron kullum, bayan bugun 2020 ya cire su, ya ce tawagar gaba ɗaya yawanci mutum 10 ne ko ƙasa da haka.

Dala 200 na biya, kuɗin da ba ƙarami ba ne ga mai albashin naira, amma ba a tilasta halartar kwas, kuma takardar shaidar ba ta ƙarewa, saɓanin takardar shaidar CSM (Certified ScrumMaster) ta wata cibiyar mai suna Scrum Alliance da ke buƙatar kwas da sabuntawa duk shekara biyu. Da Turanci na rubuta jarrabawar PSM I a kwamfutata a gida, kuma tunda agogon ba ya jiran kowa, sai da na tanadi cikakken caji da layin intanet na biyu kafin na shigar da lambar sirrin da aka aiko mini ta imel.