Gargaɗi kan mai sayar da na'urar oksijin ta bogi a WhatsApp

Jama'a, duk mai asibiti, mai kemis ko mai gyaran kayan asibiti ya tsaya ya karanta wannan. Akwai wani mutum da ke yawo a guruf-guruf na ma'aikatan lafiya yana tallan na'urar tace oksijin, wai mai ba da lita 10 a minti ɗaya, sabuwa fil a kwali. Ƙarya yake yi. Naira miliyan 2 da dubu 400 ya karɓa a kan guda biyu, kuma ni na ce wa wani mai asibiti ya biya. Miliyan 2 da dubu 400, da bakina na ce a tura.

Kada wani ya ce ban duba ba. Na duba. Na sa ya kira ni ta bidiyo, ya kunna ta a gabana, ya murɗa makunnin iska ƙwallon mizanin iska ya hau har kan 10, kwalbar ruwa tana ɓulɓula, allo ya nuna oksijin kashi 93. Na ce ya juya bayanta in ga lamba, ya juya. Na ce ya nuna min agogon da ke ƙirga awowin aikinta, ya nuna, awa 4. Har yanzu muryarsa na kunnena: "Injiniya, kai ma ka san kaya, ai ba sai na yi maka bayani ba." A nan na saki jiki. Abu ɗaya ne bidiyo ba ya nunawa, shi ne yawan oksijin da ke cikin iskar, kuma a nan ya cuce mu.

Ga yadda abin yake. Iskar da muke shaƙa kashi 21 ne oksijin, kashi 78 naitirojin. Na'urar tana da kwampireso da ke tura iska cikin gwangwanaye biyu cike da ƙwayoyin wani sinadari da ake kira ziyolait, su riƙe naitirojin su saki oksijin, ɗaya na aiki ɗaya na fitar da abin da ya riƙe. Mai lafiya tana ba da kashi 90 zuwa 96 har a ƙarshen litar da aka rubuta mata, kuma in ya faɗi ƙasa da 82 dole ƙararrawa ta yi kuka. Ƙwallon nan da ɓulɓular kwalba iska kawai suke nunawa, ko famfon ba taya iska ka haɗa za su motsa.

Ranar da na buɗe ta, a'a, kafin nan ma, tun a tasha da aka sauke kwalayen na ji ba su da nauyi, na ce ko sabon samfuri ne. Na ɗora a sikeli daga baya, kilo 15. Mai lita 10 ta gaskiya galibi tana haura kilo 20, don kwampiresonta da gwangwanayenta sun fi girma. Na auna wutar da take ja, amfiya ɗaya da rabi, wajen wat 350 ke nan, cin mai lita 5 sak. Ta lita 10 tana kai wa wajen wat 600. Mai lita 5 ce ta gwanjo, aka cire mizanin iskarta aka sa mai lamba 10, aka manna sabuwar takarda a kan tsohuwa. Na sa farce na ɗaga gefen takardar, ga ta asali a ƙasa. Na ɗauki hoto.

Amma ba ni na fara ganowa ba, kuma wannan ne ya fi ƙona min rai. Wata nas ce. An sa wa yaro mai namoniya na'urar, nas ɗin ta maƙala masa abin auna oksijin a yatsa, lamba ta tsaya a 86 ta ƙi motsi, nas ɗin ta ƙara lita, shiru. Ta cire ta mayar da shi kan silindar oksijin, cikin mintoci ya hau 95. Allah ya sa akwai silinda a ɗakin. Da babu fa? Da kuma dare ne babu mai lura?

Sai da na aro analaiza, abin auna yawan oksijin a iska, na gwada yadda ya kamata: na bar ta ta yi minti 15 tana aiki, na cire kwalbar ruwa don danshi na ɓata awo, na haɗa kai tsaye. A lita 2 ta ba ni 84. A lita 5 ta ba ni 66. A lita 10, 41. Allon kuwa yana nan a 93 bai gusa ba. Na toshe bakin fitar iska da yatsa, 93. Lambar dasa ta aka yi, ba ta haɗe da komai. Wayar ƙararrawa an yanke ta an naɗe da salatif baƙi. Agogon awa sabo ne, ga sawun sukundireba a sukurorinsa. Filtar ciki ta yi baƙi ƙirin, a na'urar da aka ce awa 4 ta yi! Bututun fitar naitirojin duk farin gari, alamar ziyolait ya sha danshi ya ruɓushe, ba ya gyaruwa sai an canza ziyolait ɗin ko gwangwanayen gaba ɗaya. Ta biyun ma haka, har ta fi muni.

Kuɗin sau biyu aka tura. Kafin alƙalami miliyan 1 ranar Talata, sauran miliyan 1 da dubu 400 da ya turo hoton kaya a mota, ko Alhamis ko Juma'a, zan duba alat. Asusun ma ba sunan kamfani ba ne, ya ce na ƙaninsa ne, wai na kamfani yana da matsala. Na tambayi lambar rajistar NAFDAC tun farko, ya ce tana cikin kwali. Ba komai a kwalin sai rasit marar adireshi. Garantin shekara guda da ya yi ta rantsuwa a kai, da na kira ya ce wutarmu ce ta lalata ta. Wace wuta ce ke manna takarda a kan takarda? Wace wuta ce ke yanke waya ta naɗe da salatif? Na tura masa bidiyon analaiza, ya gani, ya toshe ni. Miliyan 2 da dubu 400, kuɗin da mai asibitin ya tara don ɗakin yara.

"Kai ma ka san kaya." Na san kaya, shi ya sa ya nuna min duk abin da mai sanin kaya zai nema, ya ɓoye wanda ba ya fitowa a waya.

Hotunan hirarmu, alat biyun, rasit da bidiyon awon duk suna hannuna, zan ɗora su da zarar mun gama shigar da ƙara wajen 'yan sanda, an ce kada in saki tukuna. Wanda ya taɓa sayen kaya a hannunsa ya yi min magana ta ciki.

Kada ku biya ko sisi sai kun sa analaiza da hannunku a lita mafi sama. Ku auna nauyi, ku auna wuta, ku zare fulogi tana aiki ku ji ko za ta yi kuka. In ya ƙi, ku bar masa kayansa.