Akwati mai kwaɗo ko na'ura mai ƙararrawa: wanne ya dace da maganin Baba?

Hajiya, Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Kin ce ya haura saba'in, yana shan maganin hawan jini da na suga, likita kuma ya ƙara masa tramadol saboda ciwon ƙugu. Wani lokaci yakan manta ya sha, ya sake sha. Ga jikoki suna shiga ɗakinsa suna fita kamar kasuwa, sannan kwanan nan kin duba katin tramadol kin ga kamar da giɓi. Ƙaninki da ke Ingila ya ce zai aiko da na'urar nan mai kulle da ke fitar da magani in lokaci ya yi, ke kuma kina ganin akwatin ƙarfe mai kwaɗo ma ya isa, shi ne kike tambayar wanda ya fi.

Matsala biyu kika ɗauro a ƙunshi ɗaya, kuma kowanne cikin kayan nan guda ɗaya kawai yake iya warwarewa. Akwati yana tsare magani daga hannun da ba nasa ba. Na'ura tana tsare Baba daga mantuwarsa.

Bari in fara da na'urar, tunda ita ce baƙuwa. Faranti ne zagayayye kamar faifai, an tsaga cikinsa ramuka 28, da murfi mai makulli, a jikin murfin kuma akwai 'yar taga guda ɗaya. Ke za ki zauna ki zuba ƙwayoyin kowane lokaci a raminsu, ki saita agogo, ki kulle. Da lokaci ya yi sai farantin ya juya, rami ɗaya ya zo daidai tagar, ƙararrawa ta kama kuka, fitila tana ƙiftawa, har sai an kifa ta ƙwayoyin sun zubo a tafin hannu. Sauran ramukan suna rufe. Ko Baba ya rantse bai sha ba, babu abin da zai samu sai lokaci na gaba. A Ingila an san ta Pivotell, a Amurka akwai LiveFine da e-pill. Galibinsu batir huɗu irin na agogon bango suke ci, don haka babu ruwansu da ɗauke wuta. In sau biyu yake shan magani a rana, cikawa ɗaya za ta kai ki kwana 14, in sau huɗu ne mako guda. A fagen hana ninka magani akwati bai kama ƙafarta ba, kuma ninka maganin suga ga dattijo ba abin wasa ba ne, yana iya sa suga ya faɗi warwas cikin dare kowa yana barci.

Amma ta fuskar tsaro, kada kalmar kulle ta ruɗe ki. Murfin roba ne, makullin ɗan mitsitsi. An yi shi ne don tsohon da hannunsa ke rawa da yaron da ke rarrafe, ba don saurayi ɗan shekara goma sha bakwai mai sukudireba ba. Wanda ya ƙi ɓallewa ma sai ya sa ta a riga ya fita da ita ɗungurungum. Akwai kuma abin da masu tallanta ba sa faɗa, domin su tsoho ɗaya a gida shi kaɗai suke tunani. A gida irin namu, in ƙararrawa ta yi kuka, wa zai riga zuwa? Jikan nan mai shekara uku. Na'urar ba ta san hannun Baba ba, duk wanda ya kifa ta shi za ta zuba wa. Kuma ba ta san ko an haɗiye ba, ko ƙwayar ta gangara ƙarƙashin gado.

Sai abin da ba ya shiga cikinta. Maganin ruwa, allurar insulin, abin shaƙa na masu asma, duk a waje za su zauna. Wasu ƙwayoyin ma ba a son a ɓare su daga katinsu sai lokacin sha domin suna jan laima, irin su Epilim na masu farfaɗiya da masu narkewa a ruwa, ga damina kuma tana tafe. Ki nuna wa mai harhaɗa magani duk abin da Baba yake sha kafin ki ɓare ko ɗaya. Shi kansa tramadol, in likita ya ce a sha ne in ciwo ya tashi, bai dace da na'urar da agogo kawai ta sani ba. Ranar da likita ya sauya magani kuma, za ki zauna kina tsince farar ƙwaya daga cikin fararen ƙwayoyi, babu suna babu kwali. In azumi ya zo sai an sake saitin daga farko.

Akwati shi ba ya kira, ba ya tunatarwa, ba ya ƙirga. Amma yana cin komai da kwalinsa da takardar likita, ana samunsa a kasuwa, ko maƙerin unguwa ya haɗa miki, kuma za a iya ɗaure shi da ƙusa a cikin kabad yadda ba mai ɗauka.

Inda ake tafka kuskure shi ne wajen zaɓen kwaɗon. Mai lamba uku lissafinsa dubu ɗaya ne kacal. Yaro mai haƙuri, in yana gwada kowace lamba cikin daƙiƙa uku, minti hamsin ya ishe shi ya bi su duka, wato barcin azahar ɗaya na mutanen gida. Mai lamba huɗu dubu goma ne, ya haura awa takwas. Sai dai in kin sa 1234, ko shekarar haihuwar Baba, ko ƙarshen lambar wayarki, kin ba da mabuɗi da hannunki. Kwaɗon makulli kuwa lafiyarsa ƙalau matuƙar makullin yana jikinki, a jaka ko a haɓar zane. Ƙarƙashin matashi da saman kabad da bayan kalanda, babu yaron gidan da bai san su ba.

Na faɗi bayan kalanda ne don ni na taɓa yi. Lokacin da surukata take jinya a wajenmu na sayi akwati, na kulle, na rataye makullin a ƙusar kalandar ɗakinta don kada a riƙa tashina da dare. Maganin ciwon da ya kamata ya yi kwana goma sai ya ƙare a bakwai. Na yi kwana biyu ina hararar wani yaro da muke riƙo, har na fara shirya yadda zan faɗa wa babansu. Ana nan wata maƙwabciya ta shigo gaisuwa, ta durƙusa tana godiya, wai maganin da Inna ta ba ta ya yi mata aiki, ƙafar ta saki. Inna ta dube ni ko a jikinta, ta ce, "To ai ciwonmu ɗaya da ita." Kunya ta ishe ni. Saboda haka, Hajiya, kafin ki ɗora wa kowa giɓin katin nan, ki fara tambayar Baba cikin raha ko akwai abokin masallacin da yake taimaka wa. Ta yiwu ma mantuwar ce ta cinye su.

Ba wai ina wanke samari ba ne. Binciken da hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 da ke ta'ammali da ƙwayoyi, cikinsu kimanin miliyan 4.6 suna shan irin su tramadol da kodin ba bisa umarnin likita ba. A watan Mayu na shekarar ne gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan rahoton BBC da ya nuna abin da ke faruwa har a Kano. Abin da ke kan teburin Baba yana da kasuwa a bakin layi.

Su kuwa ƙananan jikoki, ba tramadol kaɗai ke tsorata ni ba. Ƙwaya ɗaya ta maganin suga glibenclamide, wadda aka fi sani da Daonil, tana iya jefa yaro mai shekara biyu cikin suma. Haka maganin hawan jini, haka jajayen ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba masu ciki a wajen awo, waɗanda yaro ke gani kamar alewa. A ƙasashen Turawa akwai murfin kwalba da sai an danna an murɗa, wanda wani likitan yara a Kanada, Henri Breault, ya assasa a 1967, Amurka kuma ta yi dokarsa a 1970. Mu a nan sau da yawa a 'yar ledar nan mai hoton rana da wata ake ƙulla mana magani, wadda ko akuya za ta buɗe.

Akwai na uku da ba ki ambata ba amma na san wani zai ba ki shawararsa, akwati mai buɗewa da zanen yatsa. Ni ban ba ki ba. Zanen yatsun tsofaffi kan shafe, hunturu kan busar da fata, mu mata kuma mun san yadda ake fama a banki bayan an ƙunsa lalle. Ko Shugaba Jonathan sai da na'urar zaɓe ta yi ta ƙin karɓar yatsansa a 2015. In batir ya mutu kuma da makullin ko-ta-kwana ake buɗewa, kin ga an koma gidan jiya.

Abin da ya fi cancanta ki ara daga asibiti ba na'ura ba ne. A manyan asibitocin Amurka akwai kabad mai kwamfuta irin Pyxis da Omnicell, ba ya buɗewa sai ma'aikaciyar jinya ta sa yatsa ko lambar sirri, kuma yana rubuta wa ya ɗauki me, da ƙarfe nawa. Duk da haka a 2017, a wani asibitin jami'a da ke Nashville, wata nas ta tsallake shingen na'urar, ta ciro vecuronium mai shanye tsokoki a maimakon Versed mai kwantar da hankali, mara lafiyar ta rasu. A asibitocinmu kuwa kabad ne na ƙarfe, makulli a hannun babbar nas, da rijistar da ake rubuta kowace allura da abin da ya rage. Rijistar nan ce ke kama giɓi. Ki sayi ɗan littafin makaranta, ki ajiye a cikin akwatin: rana, lokaci, ƙwaya nawa ta fita, nawa ta saura.

Ko wanne kika ɗauka, ki kula da zafi. Yawancin kwalaye an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Akwatin ƙarfe a gefen taga ko kusa da murhu tanda ne. Ɗaki mafi sanyi, cikin kabad, nesa da bangon da rana ke duka. In an koma ba Baba insulin, wurinsa firji, tsakanin digiri 2 da 8, ba wajen ƙanƙara ba. Abin gaggawa kuma, irin abin shaƙa na asma, ƙwayar ciwon zuciya da ake sawa ƙarƙashin harshe, ko sukari da dabino don faɗuwar suga, kada ki kulle su, ki dai ɗaga su sama.

Ni dai in gidana ne, akwati zan fara saya cikin makon nan, mai lamba huɗu ko mai makulli, makullin a hannun mutum ɗaya da wakilinsa ɗaya. Tramadol ba zai taɓa fita daga cikinsa ba sai ƙwayar da za a sha a gabana. In akwai babba da ke wuni a gida, ku sayi 'yar robar nan mai ramukan kwana bakwai, ku sa ta a cikin akwatin, ku saita ƙararrawar waya bayan asuba da bayan isha'i, ƙaninki ya turo kuɗin na'urar a sayi magani da su. In kuwa Baba yakan wuni ba babba a kusa, to ya aiko da ita, a zuba na hawan jini da na suga kawai, na mako ɗaya, a ɗora ta inda hannun jika ba ya kaiwa. Maganar mantuwar ma ki kai wa likitansa, wataƙila ya iya rage yawan lokutan shan.

Yau da dare ki ƙirga tramadol ɗin da ya rage, ki rubuta, ki kulle. Ranar Juma'a ki sake ƙirgawa, sai ki faɗa mana abin da kika gani.