Irin jatan lande: wanne ya kamata ka saya kafin zafi ya kama?

Masu kiwon jatan lande a gaɓar Andhra Pradesh ta Indiya da kudancin Tailan sun san kowane yanayi da irin ɓarnar da yake zuwa da ita. In ruwan sama ya sauka tafki ya yi sanyi, cutar farin tabo ce ke kashe kiwo cikin 'yan kwanaki. In kuwa zafi ya tsananta, sai a wayi gari a ga farin kashi zare-zare yana yawo a saman ruwa, galibi bayan kwana 50 zuwa 70 da zuba iri (wato 'ya'yan jatan lande), kuma sau da yawa in aka bincika sai a tarar da ƙwayar da ake kira EHP. A Tailan aka raɗa mata suna a 2009. Cikin hantar jatan lande take shiga ta tare. Ba ta cika kisa ba, girma take hanawa: kana zuba abinci ana cinyewa, ranar awo ka ga wasu sun yi ɓul-ɓul, wasu kuwa kamar jiya aka zuba su. Har yau babu maganin da aka tabbatar yana fitar da ita, shi ya sa tun wajen sayen iri ake cin riba ko a faɗi.

Iri uku ne a gabanka. Na farko shi ne wanda ake kamowa daga bakin teku, kamar yadda aka daɗe ana yi a Bangaladash. Ban ba ka shawararsa ba. Ba ka san iyayensa ba, ba ka san me ya ɗebo ba.

Na biyu shi ne irin gidan ƙyanƙyasa na gama-gari. A nan sai ka yi tambaya, ka kuma nace: da me ake ciyar da iyayen? Ɗanyar tsutsar teku mai rai na cikin manyan hanyoyin da EHP ke bi ta shiga gidan ƙyanƙyasa, kuma masu kula sukan daskarar da ita na awa 48 kafin su bayar. Ka sa a ɗebo maka 'ya'yan cikin farin kwano, ka juya ruwan da yatsa. Masu lafiya za su juyo su fuskanci ruwan suna iyo, raunana kuwa sai su taru a tsakiya. A duba maka su a madubin likita, domin ƙwayoyi irin su Zoothamnium kan manne a jiki da wurin numfashi in ruwan gidan ya yi datti. Amma fa kwano da ido ba sa gano EHP.

Na uku, irin da ake kira SPF, wanda aka fara samarwa a Hawayi ta Amurka, ya fi tsada kuma shi zan zaɓa. Sai dai a nan ake yaudarar mutane. Ma'anarsa kawai an gwada iyayen ba a sami wasu cututtuka da aka lissafa ba. Ba rigakafi ba ne, in ka zuba shi a gurɓataccen tafki zai kamu. Ka nemi jerin cututtukan a rubuce, ka ga sunan EHP da idonka. Sannan ka ɗebi samfuri daga ainihin tankin da za a sayar maka, ka kai gwajin PCR, wanda ke gano ƙwayar cuta ko ido bai ganta ba, a ɗakin gwajin da ba na mai sayarwa ba. Wanda ya ƙi yarda da wannan, ka bar masa kayansa.

Idan tafkinka ya taɓa kamuwa, ka ware kuɗin ƙonanniyar farar ƙasa tare da kuɗin iri. Ana busar da tafkin, a zuba kimanin tan 6 a kowace hekta, a cuɗa da ƙasar, a jiƙa, a bar shi mako guda kafin a cika ruwa. Zubin da zai ratsa tsakiyar zafi kuma, ka rage yawan irin da za ka saya.