Darussan tarihin duniya na Khan Academy: sharhi

Duk mai son sanin abin da ya kai birnin Kustantiniyya (Istanbul ta yau) hannun Turkawa Usmaniyawa a 1453, ko yadda kisan yarima mai jiran gadon Ostiriya a Sarayebo ya haddasa yaƙin duniya a 1914, zai amfana da waɗannan darussa na intanet, waɗanda kyauta ne. Abin da ya fi burge ni shi ne taswirorin da malami yake zanawa yana bayani, domin suna nuna yadda dauloli suka faɗaɗa sannan suka durƙushe. Amma mai burin zama masanin tarihi ya sani cewa ba a bayar da digiri a nan, kuma horon karanta tsofaffin takardu a ma'adanar tarihi sai a jami'a.