Akori-kurar mahaifina ta tashi: aikin inji ya yi, aikin bodi bai yi ba

Shekara goma sha ɗaya motar nan ta yi a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, tun rasuwar mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Peugeot 504 ce akori-kura, ƙirar 1986, haɗin Kaduna. Tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, kaji suna ƙwai a kan kujerar direba, awaki kuma sun mai da bayanta makwanci. Sau uku 'yan gwangwan suna zuwa tayi, ina hanawa. Da ita aka ciyar da mu, da ita aka biya mana kuɗin makaranta, daga jigilar hatsi tsakanin kasuwannin Giwa da Makarfi da Zariya. Bara, bayan babbar salla, na sa aka ɗauko ta zuwa Kano, wani gareji da ke kusa da Ƙofar Ruwa. Wata bakwai ta yi a can. Yau wata huɗu ke nan ina aiki da ita, shi ya sa nake ganin yanzu ina da bakin magana.

Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa tun farko shi ne Fijo ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A 1968 aka fara ƙera 504 a Faransa, a 1969 ta zama motar shekara a Turai. Masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975, kuma ta ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, lokacin da Faransa ta daɗe da daina yin ta. Saboda haka kayanta ba su ƙare ba, hannayen da suka san ta ma ba su ƙare ba. Injin da ke cikin tamu kuwa ba nata na asali ba ne. Mahaifina ya taɓa ɗora mata na salun, wanda ake kira XN1, mai silinda huɗu da girman cc 1971, wanda yake zaune a karkace idan ka buɗe bonet.

Makaniken dattijo ne, furfura ta cika masa gemu, kowa a layin Baba yake ce masa. Ranar da muka isa na zo da sabon batir a hannu, ina ɗokin in ji ko za ta yi tari. Ya dubi batirin ya ce, "Ɗana, ajiye wannan. Injin da ya yi shekara goma yana barci ba a tashinsa da tsawa." Ya kwance fulogai huɗun, ya tsiyaya baƙin mai haɗe da kananzir a kowane rami, ya rufe da tsumma, ya ce in dawo bayan mako guda. Da na dawo, da hannu ya juya injin, da doguwar sifana, a hankali, yana kasa kunne. Ya juyu rabi ya cije. A nan ya ce sai an sauke shi gaba ɗaya, kuma ya faɗa mini dalili: ruwa ya kwanta a silinda ɗaya, ringi ya manne da tsatsa, da mun tilasta shi da kik da mun karya abin da bai karye ba.

Aikin injin nan shi ne abin da nake son in yaba, kuma yabon da gaske nake yi. Injin 504 yana da wata baiwa: silif ɗinsa, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, zare shi ake yi a sa sabo, ba sai an kai bulo, wato gangar jikin injin, an rarake ba. Amma baiwar tana da sharaɗi. Ruwan lagireto jikin silif ɗin yake zagayawa kai tsaye, abin da ya raba shi da baƙin mai kawai wani siririn gasket ne a gindin kowane silif. In ba su zauna daidai ba, ko tsayinsu ya bambanta, ruwa zai gangara cikin mai, ka ga mai ya koma kamar kunun gyaɗa. Na tsaya a kansa ranar da yake zaunar da su. Ya goge mazaunin kowane ɗaya da yatsa har sai da ya daina jin ƙwayar yashi, ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a saman bulo, yana zura siririn ma'auni a ƙarƙashi yana duba yadda kowane silif ya ɗara bulon. Na uku bai yi masa ba. Ya zare shi, ya sauya gasket ɗin da mai wani kaurin, ya sake aunawa. Wuni guda ya tafi a kan wannan kaɗai. Da ya gama sai ya danne su da wasu ƙarafa da noti don kada su motsa, ya kuma gargaɗi yaransa cewa duk wanda ya juya injin nan kafin a ɗora kan inji, ya nemi wani ubangidan.

Karankishaf an kai shi wurin masu gurza ƙarfe, aka sa masa metal, wato 'yan ƙarafan da yake juyawa a kansu, daidai da sabon awonsa. Sarƙar taimin sabuwa, famfon mai sabo, bawul an goge su a zaune a mazauninsu. Kafiretar Solex ɗin ya wargaza ta a cikin wani tsohon faranti, ya jiƙa a fetur, yana busa kowace ƙaramar kafa da baki yana ɗagawa ga rana.

Wurin sayen kaya ne na gane amfanin tafiya da wanda ya sani. Kasuwa cike take da kayan 504, amma jabu ya fi na kirki yawa, kuma kwalinsu iri ɗaya ne. Sau biyu yana mayar da gasket ɗin kan inji. Na farkon ya lanƙwasa gefensa da farce sai ga shi yana ɓarewa kamar kwali. A wasu abubuwan ma ya fi yarda da tsohon na asali a kan sabon da ba a san uwarsa ba. Distiribiyuta ɗan tokumbo ya zaɓa, ya sa masa sabon kwantak da kwandensa. Ya mayar da tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, wanda wani ya cire tun zamanin mahaifina, ya ce cire shi da ake yi wai don zafin ƙasarmu kuskure ne, inji yana son ya kai zafinsa ya tsaya a nan. Fanka kuwa, wadda asalinta ba ta kamawa sai ruwa ya yi zafi, ɗaure ta ya yi tana juyawa kullum, domin bai sami makunninta mai kyau ba. Bai ɓoye mini ba. Ni dai na fi son ta asali, kuma har yanzu ina cigiya.

Ranar da za a tayar da ita, wata Asabar ce da hantsi. Ya zuba ɗan fetur a bakin kafireta, ya ce, "Bisimilla, ɗana, kai za ka murɗa." Murɗawa ta uku ta kama. Hayaƙi ya turnuƙe garejin na ɗan lokaci, sannan ya washe, injin ya kwanta a sulo yana wannan ƙarar da na sani tun ina yaro, wadda muke ji daga nesa mu ruga mu buɗe ƙyaure. Ban iya cewa komai ba. Baba ya ɗora tafin hannu a kan murfin injin, ya daɗe bai ɗauke ba, sannan ya ɗan taɓa sukurun kafireta.

To, ga inda ban ji daɗi ba. An ce mini wata uku, aka yi bakwai. Wani jinkirin na neman kaya ne, na yarda, amma wani na karɓar ayyukan da suka fi ƙarfin garejin ne. Sai in zo in tarar an ture motata gefe ana gyaran motocin haya masu biya a take. Sannan babu lissafi a rubuce. Yau a ce kawo kaza, jibi a ce an gano wani abu. Ban zargi Baba da cin ko sisina ba, don duk abin da aka cire yana tara mini a buhu in gani, amma abin da na kashe ya kusa ninka abin da muka faɗa da farko, kuma da an zauna an rubuta tun ranar da aka buɗe injin, da na shirya wa abin.

Babban takaicina aikin bodi ne. Wani mai walda da fenti da ke maƙwabtaka da garejin aka haɗa ni da shi. Na nuna masa inda tsatsa ta cinye ƙasan ƙofofi da daɓen baya, muka yi da shi zai yanke ya sa sabon ƙarfe. Daɓen ya yi shi da kyau. Ƙofofin kuwa ashe cike su ya yi da foti ya fesa fenti a kai. Ranar da na karɓa tana sheƙi, shuɗiya kamar yadda take a da. Ruwan sama uku aka yi, fentin ƙasan ƙofar direba ya kumbura, na danna da yatsa ya fashe, jar tsatsa ta bayyana. Da na koma masa sai rantse-rantse. Baba da kansa ya je ya yi masa faɗa a gabana, ya kuma ba ni haƙuri don shi ya nuna mini shi, amma kuɗin bai dawo ba. Duk mai shirin irin wannan aiki, kada ya yarda a shafa komai a jikin mota sai ya ga ƙarfen tsirara da idonsa. Wayoyin wuta ma sai da na sake kai ta wurin wani mai riwaya, saboda fitilar baya tana ɗaukewa duk lokacin da aka taka birki.

A kan hanya fa? Na ɗora mata buhu goma na masara daga Dawanau zuwa Zariya, ta tafi ba tare da allurar zafi ta wuce tsakiya ba. Ba ta shan baƙin mai, ba ta hayaƙi, da sanyin asuba murɗawa ɗaya take tashi. Sifirin ɗin baya, wanda aka ƙara wa ganye ɗaya, yana ɗaukar kaya ba ya durƙushewa, sai dai in babu kaya tana tsalle a gargada. Sitiyarinta da nauyi, sai ka sa ƙarfi a wurin juyawa. Fetur kuwa tana sha, babu ɓoye-ɓoye, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 wannan ba ƙaramin lissafi ba ne. Wanda yake neman motar yawo cikin gari, wannan ba tasa ba ce. Wanda yake da kayan ɗauka, da hanyar ƙauye, da tsohuwar Fijo mai lafiyayyen shasi a ajiye, ina ba shi shawara ya tashe ta, ya nemi dattijon da ke aunawa kafin ya ɗaure, ya kuma sa a rubuta masa komai.

Bayan ta yi kilomita dubu na mayar da ita aka sake ɗaure notocin kan inji, aka daidaita bawul, aka yi juye. Baba bai karɓi kuɗin hannu ba, ya ce cikon aikinsa ne. Ƙofofin sai bayan kaka, in Allah Ya kai mu, zan kai su wani wurin, kuma a gabana za a yanke ƙarfen.