Gargaɗi kan mai tallan tef ɗin awo a Facebook: naira 60,600 ya ci

Jama'a, masu shagon kayan aiki, kafintoci, masu walda, masu haɗa tagar alminiyam, ku tsaya ku ji. Akwai wani da ke tallan ƙananan tef ɗin awo na aljihu a Facebook, mai mita 5, wai sari yake bayarwa daga Legas, dozin naira 14,400, wato 1,200 kowanne. Dozin huɗu na ɗauka, 57,600, ga kuɗin mota 3,000. Dubu sittin da ɗari shida. A cikin tef 48 babu ko ɗaya da zan iya miƙa wa mai saye ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Na san za a ce araha ba ta ado. Ku bari in gama tukuna. Ban tura ko kwabo ba sai da ya aiko samfur guda biyu, kuma na gwada su gwaji na gaske. Faɗin ƙarfen milimita 19. Na ja shi har ƙarshe, mita 5 cif, da ɗan ƙari kafin inda aka maƙala shi da sifirin ɗin da ke naɗe shi ciki. A farkon tef ɗin akwai alamar II, wato daraja ta biyu a ƙa'idar awo ta Turai, wadda kuskurenta a mita 5 bai kamata ya wuce milimita 1.3 ba. Na ɗora shi kan rula ta ƙarfe, layi kan layi. Birkinsa na kamawa. To me ya rage? Wa zai gwada wannan ya ce ƙarya ce? Ya ce min: "Alhaji, yadda ka ga samfur haka kwalin yake, in ka ga bambanci ka dawo min da kayana, ni zan biya mota." Muryar tana nan a wayata. Na saurare ta ya fi sau goma, har yanzu ban ji inda ya yi gargada ba.

Kayan sun iso Alhamis. A'a, Laraba da yamma, Alhamis ne na buɗe kwalin. Gidan roba iri ɗaya ne sak, ruwan ɗorawa da baƙi, an manna 5M/16FT a jiki. Shi ya sa ban ja ko ɗaya har ƙarshe ba, na jera su. Nan ne kaɗai na yarda na yi sake, kuma shi ma don na riga na gwada samfur ne.

Da abin ya fashe, bayan wani mai saye ya dawo min da matsala, na zauna na zare su ɗaya bayan ɗaya. Mafi tsawo mita 4.1, mafi gajarta 3.4. Babu mai mita 5. Faɗin ƙarfen 16 ne, ba 19 ba, kuma siriri kamar gwangwanin madara. Tef na kirki mai faɗin 19 za ka miƙa shi a iska wajen mita ɗaya da rabi yana tsaye saboda kwarin da aka yi wa ƙarfen. Wannan kafin ka kai kamu biyu ya karye ya rusuna. Lambobin kuma fenti ne a sama ba a rufe shi da komai ba, ka goga da babban yatsa mai gumi sau uku, 7 ta fara zama 1. Sifirin ɗin ciki ba ya iya jan tef ɗin gida, sai ka tura da hannu, wasu kuma suka cije tun ja na biyu.

Wannan duk hasara ce tawa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne guda 17 da incinsu ba inci ba ne. Inci na gaske milimita 25.4 ne. A Sin akwai wani awo nasu na gargajiya da suke kira cun, shi milimita 33.3 ne, uku suke ba da santimita 10. Ana buga tef da shi don kasuwarsu ta gida, santimita a gefe ɗaya, shi a ɗaya gefen, daidai inda mu muka saba ganin inci. Idonka zai ga 1, 2, 3 manya-manya, ka ɗauka inci ne. Mutanenmu kuwa da inci suke aiki, daga kafinta har tela.

Ga yadda yake kashe aiki. Taga mai faɗin santimita 60, a wannan tef ɗin 18 za ka karanta. Ka kira mai yanka gilashi ka ce inci 18, shi kuma ya yanka da tef na gaske, ya ba ka santimita 45.7. Giɓin sama da santimita 14. Haka ta faru da wani mai alminiyam da ya sayi ɗaya a hannuna, gilashi uku aka yanka masa, ya shigo da su shago ya jingine a gabana bai ce uffan ba. Ni na biya gilashin. Ban ma sa wannan cikin 60,600 ɗin ba.

Na manta, tun kafin kayan su taso mai tallan ya kira wai direba ya ƙara kuɗi, in cika 3,000. A farko cewa ya yi mota a kansa take. Da na tsaya a nan, da 57,600 ne kawai. Su kam kuɗin kayan sun riga sun tafi, ai na tura tun Litinin.

Sai ƙugiyar bakin tef. Mutane da yawa in sun ga tana motsi sai su ce ta lalace, su sa guduma su danne ƙusoshinta. Kuskure ne. Da gangan aka bar ta tana wasa, gwargwadon kaurin ƙarfenta, wajen milimita ɗaya, don in ka maƙala ta a bakin katako ta fito, in ka tokare ta da bango ta koma, awon ciki da na waje su zo daidai. Amma a tef ɗin mai tallan nan milimita 3 take wasa, wata har 4, ramukan an fasa su ba tsari. A ƙofar ƙarfe ko aljihun kabad, milimita 3 ta isa ta sa a sake aiki.

Na kira mai tallan, ya ce yaransa ne suka haɗa kwali da na wani, zai sauya. Washegari ya ce yana asibiti da mahaifiyarsa. Rana ta uku lamba ba ta shiga, WhatsApp ya toshe ni, shafin kuma ya sauya suna da hoto, amma bidiyon tallan nan ne dai, hannun nan ne mai azurfa a ɗan yatsa yana jan tef har mita 5. Samfur ɗin nan biyu su ne jarinsa. Dubu sittin da ɗari shida a kan tef biyu na gaske, kowanne ya tashi sama da dubu talatin ke nan.

In za ku sayi tef, ku ja shi har ƙarshe a gaban mai shi. Ku duba santimita 10: in ta faɗo dab da inci 4, daidai ne, in ta faɗo kan 3 cif, ku ajiye. Mita ɗaya inci 39 ne da ɗoriya, ba 30 ba. Incin gaske an raba shi gida 8 ko 16, cun kuwa gida 10. Ba rula a kusa? Takardar A4 tsawonta milimita 297, katin ATM 85.6. Kwali kuma kada a biya sai an zare daga ƙasa.

Hoton rasit, hirarmu da bidiyon da na zare duka 47 da ke hannuna a tsakar shago zan saka su yau bayan Isha'i, in na rufe lambar asusuna. Guda huɗu sun fita hannuna kafin in gane, uku sun dawo. Wanda ya sayi na huɗun, tef ruwan ɗorawa da baƙi, don Allah kada ya yanka komai da shi, ya zo ya karɓi kuɗinsa.